Injin da Ya Ƙi Shiga Zaure

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na toshe ƙofar gidanmu ba, ni da kaina, da tsufana da furfurata, mutanen unguwarmu ta Birni suna tsaitsaye suna kallo. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma tunda labarin ya riga ya zagaya Damagaram, an ƙara masa gishiri da yaji, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni dai a unguwarmu an san ni da ido. Ban shiga lakkol na yi boko ba, amma ba a sayen turmi ko tukunya ko keken ɗinkin amarya ba a zo an ɗauke ni ba. In ƙwanƙwasa turmi in saurari muryarsa, in ce wannan zai tsage kafin kaka, kuma ya tsage. (Waɗanda ba su tsage ba, ba a kawo mini labarinsu, ni ma ban bi ba'asi ba.)

To, ina da ɗa, malami ne a lise, wato babbar sakandare, yara suna ce masa Mushe. Ɗan fari ne, saboda haka kada ku jira in faɗi sunansa. Mu haka muka tashi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Uwar mijina ce ma ta goye shi. Gida ɗaya muke, shi da matarsa Fanna a sashensu, ni a ɗakina, amma in ina da magana sai in ce, "Fanna, a gaya wa mutumin can kaza," ko da kuwa mutumin can yana tsugune a gabana yana ɗaura takalmi.

Wata shekara sai ya tsiro da wani aiki. Ya kafa tano, gangar ƙarfen nan ta mai, a tsakar gida, ya ɗora wani gilashi mai kauri mai faɗin faifai, ya kifa wani a kansa, ya zuba wani baƙin gari da ruwa a tsakani, yana gurzawa yana zagaya tanon. Daga ya dawo daga lise sai gurza da zagaye. Fanna ce ta gaya mini madubi yake yi, wanda za a sa a gindin wani dogon bututu a hangi wata da taurari kamar a tafin hannu. Ta ce ya yi wa ɗalibansa alkawari za su leƙa kafin a tashi babban hutu, kuma wasunsu daga wannan shekarar sun gama, ba za su dawo ba.

Ni abin bai dame ni ba sai da maƙwabciyata Hajiya Yagana ta sa baki. Shekara ɗaya aka kawo mu unguwar muna amare, kuma tun ranar muke auna juna. Ɗanta mai kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ba ta bari ka manta. Ta shigo mini barka da hantsi, ta ce, "Ƙawa, ince dai lafiya? Jiya na hau soro shanya, na ga Mushe yana zagaya tano kamar akuya a turke. Akwai wani malami a Zango, yana da hannu a kan irin wannan."

Na ce, "Aikin ilimi ne."

Ta ce, "Haka ne. Ilimi ai in ya yi yawa..." Ta bar maganar a nan, ta ɗauki goro na ta fita.

Da madubin ya kammala, sai saura ƙananan ƙarafa, zoben da zai riƙe gilashin da ake kafa ido, da ɗan bututun da ke shiga cikin wani yana fita. Waɗannan sai da inji, irin wanda ke kama ƙarfe yana juya shi ana fere shi kamar rake. Masu aikin suna ce masa tur. Akwai wani tsohon turnar a Zango, Alhaji Ibro, idonsa ya fara rauni yana rage kayan shagonsa. Mutumin can ya yi ta sintiri wurinsa har suka daidaita. Na tambayi Fanna, ina tsince shinkafa kamar ba komai, "Wane iri ya zaɓa?"

Ta ce, "Ɗan ƙarami ne, Inna. Bai fi keken ɗinki ba."

Nan take na shiga lissafi a zuciyata. Na hango Yagana a kan soronta, ta ga an shigo da ɗan mitsitsin abu a hammata, gobe gari ya ɗauka cewa Mushe ya koma wasan yara. Na ce a raina tawali'u ne ya yi masa yawa, ko kuwa aljihu ne ya gaza yana jin nauyin faɗa. Tambaya guda ce fa tsakanina da gaskiya: don me ƙarami? Amma ta yaya zan tsaya gaban ɗan fari in tambaye shi zancen injinsa, sai ka ce na damu da shi? Na ƙudurta a raina zan gyara abin ba tare da ya sani ba.

Washegari yana fita na yafa lafayata na nufi Zango. Shagon Alhaji Ibro duk baƙin mai ne da tarkacen ƙarfe. Ƙaramin yana kan tebur an rufe shi da tsumma, fentinsa duk ya ɓare. Can ƙurya kuwa ga wani kore, dogo, ya durƙusa kamar raƙumi. Na je na ƙwanƙwasa ƙaramin, ya ce kyas. Na ƙwanƙwasa babban, ya amsa mini daga ciki, gum, kamar tambari. Na ce, "Wannan za a kai."

Alhaji Ibro ya cire tabarau ya dube ni. "Hajiya, Mushe fa ya daɗe a kan ƙaramin nan. Ya kama bakinsa ya jijjiga, ya shafa gadonsa, ya sa na yanka masa zaren bis, irin na noti, ya gani..."

Na ce, "Alhaji, tun kafin a haife shi nake sayen kaya."

"Babban nan kuran ɗin lantarki mai layi uku yake ci."

"Kuran ai kuran ne. Muna da kontar lantarki a gida."

"Shi ya aiko ki?"

Na ce, "Daga gidan nake." (Ku shaida, ban yi ƙarya ba. Daga gidan nake.) Na ce cikon kuɗin a kaina, kada mutumin can ya ji komai.

Ya ce, "To ƙaramin akwai mai nemansa, jiya ma ya zo. In ba shi?"

Na ce, "Ba shi, Allah ya sa albarka." Da bakina na faɗa.

Na so a kawo shi ana gani, don haka na ce bayan Azahar, lokacin da mata suka gama aiki kuma mutumin can bai taso ba. Na aika wa ƙawayena su zo su taya ni murna. Na sa farar lafayata ta zuwa suna, na turara ta har ta gaji. Mota ta kawo injin bakin unguwa ta tsaya, don lungunan Birni ba su san mota ba. Aka sauke shi a kan amalanke, ƙarti suna turawa suna nishi, Alhaji Ibro yana biye yana cewa a hankali. Wata ta rangaɗa guɗa. Na saci kallon Yagana, na ga ta riƙe haɓa. Wallahi a wannan ɗan lokacin ban taɓa jin daɗin duniya irin haka ba.

Sai muka iso ƙofar zaure.

Zaurenmu na dā ne, kakan mijina ya gina shi, da zanensa a goshi. Mutanen dā sun yi ƙofar don mutum da buhun hatsi, kuma da ka shiga sai ka karya hagu, don kada na waje ya hangi tsakar gida. Na shekara aru-aru ina shiga ina fita ta wannan ƙofa, amma ko sau ɗaya ban tuna da ita ba a shagon Alhaji. Ƙartin suka duba ƙofa, suka duba inji, suka dube ni. Na ce, "Me kuke jira? Ku karkata shi."

Suka sauke shi a kan itace, suka karkata, suka tura. Kansa ya shiga. Suka ƙara turawa, ya tokari bangon ciki. Suka ce a ja baya, sai wani hannunsa ya maƙale a jikin ƙofa, ɓangaren zanen kakan mijina ya ɓantare ya faɗo tim. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Rabi a ciki, rabi a waje. Fanna tana daga ciki tana cewa, "Inna, mene ne wannan? Ta ina za mu fita?" Masu guɗa suka yi tsit. Masu wucewa suka tsaya, masu kabu-kabu suka kashe babura, kowa da shawararsa. Wani ya ce a fasa bango. Wani ya ce a zuba masa man gyaɗa ya sulale.

Ana cikin haka sai ga mutumin can a kan babur, ya ɗauro wani ɗan tebur a baya, wanda ya sa kafinta ya yi masa don ƙaramin injin. Ya sauka, ya yi sallama, ya dubi abin da ya cika ƙofar ubansa. Ya ce, "Alhaji, ɓatan hanya kuka yi? Na wane ne wannan?"

Alhaji Ibro ni ya duba. Sai kowa ya dube ni.

Mutumin can ya ce, "Ina ƙaramin?"

Alhaji ya ce, "An ɗauka tun da safe. Hajiya ta ce a bayar."

Mutumin can bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da na fi samun sauƙi. Ya dafa ɗan teburin nan kawai, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Yaran sun kusa tafiya." Sai Yagana, daga bayana, ta ce, "Ai ƙawata da ido. Ba ta taɓa zaɓen abin da ya ƙi shiga gida ba, sai yau."

A nan ne kaina ya ƙwace. Na juya na ce, "Don kada a raina mini ɗana na yi! Don kada ku ce..." sai na kira sunansa. Ɓaro-ɓaro, da ƙarfi, a gaban tsofaffin unguwa. (Kada ku sa rai, ba zan maimaita ba.) Tsofaffin mata suka kama baki. Wata ta ce, "La ilaha, yau Hajiya ta kira sunan ɗan fari!" Wata ta ce, "Ashe ana so, ake ɓoyewa." Dariya ta ɓarke har da ƙartin amalanke. Shi kansa ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ba ta tsage ba, sai na ce bari in shige ɗakina. To ta ina? Yagana ta ce, "Zo ki hau tsanina ki dira ta katanga." Na ce ko mutuwa zan yi. Tsakanin ƙafafun injin akwai ɗan sarari, inda ake ajiye tiren da ke tare mai. Na tattare farar lafayata, na durƙusa, na yi rarrafe ta ƙarƙashin cikinsa kamar jinjiri, jama'a suna kallon abin da ya rage a waje. Tsohon baƙin mai yana ɗiga mini a gadon baya, ɗis, ɗis. Na fito ta ciki, Fanna ta kama hannuna, ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa.

Sai da aka kwance wa injin hannuwa da wutsiya kafin ya fita, aka mayar da shi Zango gab da Magariba.

Da safe ban aiki Fanna ba. Na ce tunda kunyar ta riga ta zube a titi, ba abin da ya saura da zan tattala. Na je ƙofar sashensa na tsaya, ina kallon bango dai, na ce, "Don me ƙarami?"

Ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce, "Inna, abin da zan fere bai wuce bakin kofin shayi ba. Bututun da ke riƙe gilashin ido dole ya shiga cikin ɗan'uwansa sumul, in ya yi lilo ko da kaurin gashi ne, wata zai fito a dagule. Babban nan ya ci aikin kamiyo har gadonsa ya lotsa a tsakiya, bakinsa yana wasa. Don ƙarfen mota ba laifi. Ƙaramin kuwa na jijjiga shi ta ko'ina bai motsa ba, haƙoransa na yanka siririn zare duk suna nan, kuma kuran ɗin gida ya ishe shi. Babban ko ya shiga, kontarmu ba za ta tayar da shi ba."

Na ce, "Amma muryarsa..."

Ya ce, "Inna, ba kiɗa zan yi da shi ba."

Na miƙe. Na ce wa bango, "A bar mini wannan." Na koma Zango, Alhaji Ibro ya ce wani mai gyaran babura ne a unguwar Kara-Kara ya ɗauka, sunansa Bello. Na ce Bafillace? Ya ce Bafillace. Na ce alhamdulillahi, Allah ya ba ni bawana. Kun san tsakaninmu Barebari da Fulani akwai wasa, ba ya fushi da ni, ba na fushi da shi, kome za a faɗa.

Na sami garejin, ga ɗan injin a kan benci an goge shi tas. Na yi sallama na ce, "Kai Bafillace, me ya haɗa mai bin saniya da tur? Nono za ka fere?"

Ya dubi tsagen fuskata ya yi dariya. "A'a, Babarbariya! Ke ce wadda ta yi rarrafe a Birni? Labarinki ya rigaye ki. Sannu da gwiwa, Iya."

Na ce, "Kayan ɗana na zo karɓa. Za a mayar maka da kuɗinka."

Ya ce, "Ciniki ya faɗa. Ni ma aiki zan yi da shi, na daɗe ina nema."

Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Amma ni ma ban zo don in koma ba. Na shimfiɗa ɗankwalin sallata a bakin garejin, a inuwar wata bishiyar bedi, na zauna. Duk wanda ya kawo babur sai in ce, "Ɗana, zo ka ji abin da Bafillace ya yi wa tsohuwa." In ba shi labari tun daga tano har rarrafe, ba na rage komai, har baƙin man. Mutane suka riƙa zama suna saurare, suna manta abin da ya kawo su. Da yamma na tafi gida, da safe na dawo da ƙwaryar furata. Haka muka yi ta yi. Yana ce mini, "Iya, ba ki da jikoki ne?" Ina ce masa, "Suna lafiya, sun gaishe ka." Rana ta gasa ni, ƙafafuna suka kumbura, Fanna ta roƙe ni in bari. Na ce hutu yana matsowa, ni na ɓata, ni zan gyara.

Ranar da ya gaji, ya zo ya tsuguna a gabana, ya ce, "Iya, kin mayar mini da gareji dandali. Ga sharaɗi. Ku ɗauka. Amma duk ranar da nake da ƙaramin aiki, in zo gidanku Mushe ya bar ni in yi. Kuma in an gama abin kallon watan, ni ne farkon leƙawa, kafin kowane Babarbare."

Na ce, "Na yarda. Amma tsaya." Na tashi na kama bakin injin na jijjiga shi gaba da baya, kamar yadda aka gaya mini. Bai motsa ba. Bello ya ce, "Oh, yau kuma turnar kika zama?" Na ce, "Rufe mini baki, ɗauko igiya."

A bayan babur aka kawo shi, mutum ɗaya ya rungume shi ya shige zaure ko gefen ƙofa bai taɓa ba. Mutumin can ya ɗora shi a kan ɗan teburinsa. Kullum da la'asar sai in ji shi yana zuuu a hankali, siraran ɓawon farin ƙarfe suna nannaɗewa suna zuba. Ni kuwa sai na sami dalilin tsince shinkafa a kusa da wurin.

Ya gama ana saura kaɗan a tashi hutu. Bayan Magariba ɗalibansa suka cika mana tsakar gida, maza da mata, wata yana rabi a sama. Bello ya fara leƙawa kamar yadda aka yi alkawari, ya ɗago yana salati. Yaran suka bi layi, kowa ya kafa ido sai ka ji ya ja numfashi. Da aka zo kaina, mutumin can ya murɗa ɗan bututun nan da ya fere, ya shiga sumul, sai ga wata ya cika mini ido, fuskarsa duk ramuka kamar tandar masa. Na daɗe ban ɗago ba. Da na ɗago na ce wa Fanna, "A gaya wa mutumin can ba laifi."

Abin da na koya a wannan tsufa nawa shi ne, kayan aiki mai aikin ake tambaya, ko da kuwa ke kika haife shi. Na ji nauyin tambaya guda ɗaya a cikin ɗaki, inda ba mai ji sai bango, sai ga ni ina rarrafe a gaban unguwa da mai a gadon baya. Yanzu in an zo ɗaukata sayen kaya ina zuwa, ban fasa ba. Sai dai kafin in ƙwanƙwasa komai nakan tambaya: me za a yi da shi, kuma ta wace ƙofa zai shiga?